Gyaɗar da Ba Ta Fito Ba

Shafi na 34

Masu cewa shafin jiya ya yi gajere, na ji ku. Na yau ya fi shi tsawo.

Don sababbin shigowa: da kakar da ta wuce, Alhaji Haladu, babban mai sayen gyaɗa na Gwarzo, ya ce wa manoman Kara da na Unguwar Tudu kada kowa ya ajiye iri. Su sayar masa da duka, shi zai adana, ya raba musu kyauta idan ruwa ya sauka, don kada yunwar bazara ta sake sa su cinye irinsu. Ya cika alkawari. An raba, an shuka.

*

Da hantsi Hajjo ta shigo harabar sito, bakin zanenta duk laka. Alhaji Haladu yana tsaye yana kallon yadda ake sauke gishiri daga babbar mota.

"Yaya, ke ce da ƙafa tun daga Kara? Me ya hana ki aiko a ɗauko ki?"

"Miƙo hannunka."

"Babu gaisuwa?"

"Haladu, miƙo hannunka."

A duk Gwarzo ita kaɗai ke kiran sunansa haka, babu Alhaji. Ita ta goya shi yana jariri. Ya miƙa hannun.

Ta kwance ƙullin da ke gefen mayafinta, ta juye masa a tafi. Ƙwayoyin gyaɗa ne, sun yi baƙi, wasu da farar fumfuna a jiki. Ya matsa ɗaya da yatsa. Ta narke, wari ya taso.

"Daga ina wannan?"

"Daga gonata. Da safen nan na tona, kunya bayan kunya."

"Gonarki tana kwari. Ruwa ne ya kwanta mata."

"Na tona ta maƙwabcina, tasa tana kan tudu. Na tona ta liman. Duk haka."

Ya dubi hannunsa, ya dube ta.

"Shekaranjiya mutanen Kara suka zo nan. A kan tabarmar can suka zauna. Da bakina na tambaye su, suka ce ta fito."

"Haka suka ce, ta fito?"



"Suka ce sai godiya."

"To."

"Me ya sa ba za su faɗa ba?"

"Wa zai faɗa? Mutum ya sha ruwan rijiyar da ka haƙa masa, ya yi salla a masallacin da ka rufa wa kwano, sannan ya zo zaurenka ya ce kyautarka ta ruɓe a ƙasa? Ni ma sai da na kwana ina juyi kafin in taho, ni da na share maka majina."

Alhaji ya juya wajen masu sauke kaya.

"Ku kira min Ya'u."

Ya'u shi ne mai kula da sito. Makullai a hannunsa suke tun Alhaji yana da mota ɗaya, yanzu har furfura ta fara fito masa. Ya zo da sauri, ya durƙusa gaban Hajjo.

"Sannu da zuwa, Inna. Yaya hanya? Yaya mutanen..."

"Bar gaisuwar," in ji Alhaji. "Irin da muka raba, yaushe aka ɓare shi?"

Ya'u ya ga abin da ke hannun maigidansa. Bai tashi daga durƙuson ba.

"Tun kaka, Alhaji."

"Tun kaka?"

"Lokacin da injin ɓara ya iso daga Kano."

"Da inji kuka ɓare iri?"

"Ka ce duk gyaɗar da ta shigo sito ta bi ta inji, kada ka ga ɓawo ko ɗaya."

"Na ce har iri?"

"Ba ka ware ba, ranka ya daɗe."

"Ina kuka ajiye shi?"

"Ciki ya cika. Ka ce abin da ya rage a jera a waje, a rufa tamfol."

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake da irin gyaɗa. A ɓawonsa ake barinsa cikin rumbu. Sai ruwan shuka ya sauka mata su zauna su ɓare da hannu, washegari a kai gona. Alhaji Haladu ya san wannan tun yana korar jaki. Ya'u ma ya sani. Amma irin garuruwa biyu ya yi bazara tsirara a ƙarƙashin tamfol, rana tana dukansa.

"Ranar rabo na ga ɓararriya a buhu," in ji Alhaji. "Na ɗauka a makon kuka sa mata suka ɓare."

"Haka ka faɗa a gaban jama'a. Har ka yaba da saurinmu."

"Kai kuma ka ji, ka yi shiru?"

"Tun ranar farko na zo zan faɗa. Na tarar kana tare da baƙi daga Kano, kana juya musu hannun injin da kanka, ana ta dariya. Na ce bari sai an jima."

"Da aka jima fa?"

"Ai an riga an ɓare."

"Daga kaka zuwa yau, Ya'u. Kullum muna tare. Kwano ɗaya muke ci da rana. Ba ka samu lokacin da za ka ce min in nemo wani iri ba?"

"Na ce ko Allah zai sa ya fito."

Hajjo ta ja tsaki.

"Wallahi, Inna, ni ma shi na shuka a gonata," in ji Ya'u.

Alhaji ya dubi tafinsa. Ya watsar da ruɓaɓɓun ƙwayoyin, ya goge hannu a jikin babbar rigarsa.

"Zailani! Fito da ƙaramar mota. Yaya, shiga."

*

A Unguwar Tudu sun tarar da Mai Unguwa Jibirin da dattawa a gindin durumi, kusa da rijiya. Kafin direba Zailani ya kashe mota an shimfiɗa sabuwar tabarma.

"Maraba, maraba da Alhaji! Sannu da zuwa. Yaya hanya?"

"Lafiya."

"Yaya iyali? Yaya kasuwa? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Mai Unguwa, gyaɗa ta fito?"

"Alhamdulillahi."

"Ta fito?"

"Ai Alhaji, abin da ka yi mana, Allah ne kaɗai zai biya ka."

Dattawa suka amsa da amin.

"Amin. Ta fito?"

"Tana fitowa a hankali. Ƙasar bana ta yi nauyi."

"Tashi mu je in gani."

"Rana ta take, Alhaji. Ga fura nan ana damawa. Ka zauna tukuna..."

Alhaji ya riga ya kama hanya. Dole suka bi shi, suna gyara hula.

Gonar farko a bayan gari ta Jibirin ce. Gero ya taso kore shar. Gefen da aka ware wa gyaɗa kuwa kunyoyi ne zalla, sai ɗan tsiro ɗaya nan, wani can nesa. Alhaji ya durƙusa da babbar rigarsa, ya sa yatsu ya tona. Ya matsa gaba ya sake tonawa. Abin da ya fito a ramin farko shi ya fito a na biyu.

"Kurege ne," in ji wani dattijo daga baya. "Kurege ya yi mana ɓarna bana."

"Kuregen ne ya ruɓar da ita, ya mayar cikin rami, ya rufe da ƙasa?"

Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta.

Jibirin ya tsuguna a kan kunya.

"Alhaji, mun zauna a kan maganar. Muka ce mutum ya ba ka abu don Allah, ba roƙonsa ka yi ba, ba ka komawa ka ce masa ga aibinsa. Muka ce bana mu haƙura. In an kwana biyu mu zuba wake a wurin."

"Wake ne zai biya muku haraji? Wake ne zai yi wa iyalanku tufafin salla?"

"Allah yana nan."

"Na san Allah yana nan, Jibirin. Ni ma ina nan Gwarzo, ba Makka na tafi ba. Da kun faɗa tun da kuka ga ƙasa shiru, da na tura mota ta zaga kasuwanni lokacin da ake da iri. Yanzu kowa ya shuka nasa. Ta Kano kuwa duk ɓararriya ce, tana jibge a dala."

"Ba mu so ranka ya ɓaci ba."

"Yanzu ya yi daɗi ke nan?"



Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Shi da su duk sun san lokacin da ya rage. Idan ruwan gaba ya wuce ba a shuka ba, wanda ya shuka daga baya harawa kawai zai samu.

"Wa ke da gyaɗa da ɓawonta a ƙasar nan?"

Dattawan suka dubi juna. Hajjo, wadda ta tsaya a bakin gona, ita ta amsa.

"Ka san shi."

Ya san shi. Malam Datti na Gammo. Da jakin Datti Haladu ya fara, yana saurayi, yana kai masa gyaɗa Gwarzo. A hannunsa ya koyi awo da ciniki. Da kakar da ta wuce Datti ya ƙi sayar masa da iri, ya kuma hana mutanen Gammo. Har ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce Haladu ya yi arziki ya manta noma. Tun ranar ba su gaisa ba.

"Jibirin, shiga mota."

"Ni, Alhaji?"

"Kai. Ka je ka faɗa da bakinka."

*

Bayan azahar suka isa Gammo. Malam Datti yana ƙofar gidansa yana tufkar igiyar shanu. Bai ɗago ba sai da motar ta tsaya.

"A'a. Mai inji ne da kansa? Zailani, ɓatan hanya ka yi?"

Alhaji ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Barka da rana, Baba."

"Barka kadai. Wa ya jefa ka cikin laka? Ko injin ne ya yi harbi? Jakina dai bai taɓa yi maka haka ba."

"Baba, iri nake nema."

"Kai da ka raba wa duniya?"

"Bai fito ba."

Hannun Datti ya tsaya a kan igiyar.

"Sake faɗa."

"Bai fito ba. An ɓare shi tun kaka, ya sha rana har bazara ta wuce. Kara da Unguwar Tudu babu gyaɗa a ƙasa. Abin da ka faɗa a kasuwa, gaskiya ka faɗa. In kana so in maimaita a kasuwar, zan maimaita. Amma ka buɗe min rumbu yau."

Alhaji ya jira dariya ko gori. Datti bai yi ko ɗaya ba. Ya ajiye igiyar, ya zuba wa Jibirin ido.

"Kai, Mai Unguwa. Ranar kasuwar Gwarzo, a layin masu goro, me na tambaye ka?"

Jibirin ya sunkuyar da kai.

"Na ce maka irin Haladu ya fito? Me ka ce min?"

"Malam, ba zan tona asirin Alhaji a tsakiyar kasuwa ba. Balle a gabanka, da kowa ya san akwai 'yar tsama tsakaninku."

"Me ka ce min?"

"Na ce lafiya lau."

Datti ya juya ga Alhaji.

"Rumbu guda na liƙe da laka, ban taɓa shi ba, saboda irin wannan rana. Ban yarda da injinka ba, ban yarda da sitonka ba. Na shuka tawa, mutanen Gammo suka shuka tasu, na bar wancan ina sauraro. Na tambayi wannan, ka ji abin da ya ce. Ban gamsu ba, na aika Kara wajen liman. Ya aiko min da alhamdulillahi. Na ce to, Haladu ya yi daidai, ni ne tsohon banza mai baƙin ciki."

"Baba, rumbun fa?"

"Jiya na fasa shi."

"Ina gyaɗar?"

"Na sayar wa Furera."

"Wace Furera?"

"Mai ƙuli-ƙuli."

Alhaji bai tsaya sa takalmi ba.

"Ina gidanta?"

Ba sai an nuna musu ba. Suna shan kwanar masallaci ƙanshin suyar gyaɗa ya tare su. Hayaƙi yana tashi daga bayan wata katanga, ana jin taɓare suna sauka a turmi, mata suna hira da ƙarfi.

Alhaji ya faɗa zauren, ya nufi ƙofar ciki. Datti, wanda ya biyo shi yana haki, ya damƙe masa hannun riga.

"Kai! Gidan mutane ne. Matan aure ne a ciki."

"Baba, soyawa suke!"

"Ko ƙonawa suke, ba ka shiga. Mai gidan yana gona."

"Salamu alaikum!" Alhaji ya ɗaga murya. "Salamu alaikum, masu gida!"

Ƙarar turmi ta danne shi. Ya sake yi. Babu amsa. Mutumin da motocinsa ke kai gyaɗa Kano, wanda ake tashi tsaye idan ya shigo kasuwa, yana tsaye babu takalmi a zauren wani, yana jin ana juya irin garuruwa biyu a kasko.

Hajjo ta iso daga baya. Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta ture ƙanenta gefe, ta shige.

Turmi ɗaya ya tsaya. Na biyu ya tsaya.

Muryar wata mata ta taso daga ciki.

"In sauke kasko? Baiwar Allah, ke wace ce? Gobe fa kasuwa ce, masu mai suna jirana!"

Ba su ji abin da Hajjo ta ce ba. Muryarta ƙasa-ƙasa take.

"Wane Alhajin? Haladu na Gwarzo? To shi da ke da sito cike, sai tawa 'yar gyaɗar ya gani?"

Aka sake yin ƙasa da murya. Alhaji yana kai da komo a zauren. Jibirin ya raɓe jikin bango. Datti ya zauna a dakali yana mayar da numfashi.

"Zauna, Haladu. Zirga-zirgarka ba za ta mayar da soyayya ɗanya ba."

Bai zauna ba. Iska ta kaɗo ta ƙofar zaure, mai sanyi, da ƙanshin ƙasa. Zailani ya leƙo.

"Alhaji, hadari ya haɗo daga gabas."

Sai ga Hajjo ta fito, idonta ja saboda hayaƙi.

"Akwai saura?"

"Akwai."

"Alhamdulillahi. Zailani, matso da..."

"Tsaya ka ji. Tun jiya suke sussuka suna suya, da ita da maƙwabtanta. Fiye da rabi ya tafi. Abin da ke da ɓawonsa ta yarda ta bari. Ta ce mahaifinta ɗan Kara ne, ba don kai ba."

"Na ji. A fito da shi."

Matan suka riƙa jawo buhuna zuwa bakin ƙofar ciki, Zailani yana karɓa yana jerawa a zaure. Ba a daɗe ba aka daina miƙowa.

"Shi ke nan?" in ji Alhaji.

"Shi ke nan," in ji Hajjo.

Datti ya tashi. Ya kwance bakin buhu ɗaya, ya ɗebo, ya ɓare ƙwaya da babban yatsa, ya duba, ya gyaɗa kai. Sannan ya ja da baya ya ƙare wa jerin kallo.

"Irin yana da rai. Amma na gari ɗaya ne."

"A raba biyu."

"Raba. Kowane gida ya samu cikin ƙoƙo, su soya wa yara su huta. In kana so a ga gyaɗa da kaka, gari ɗaya za ka kai wa, mata su ɓare yau, a shuka a kan ruwan nan. Ɗayan ya zuba wakensa."

"Baba, ba wani rumbu a Gammo? Ko a Kabo?"

"Da akwai, da ban bar ka kana ihu a zauren mutane ba."

Jibirin ya taso daga jikin bango. Ya cire hularsa, ya riƙe ta da hannu biyu. Ya kalli Alhaji ido cikin ido.

"Alhaji, ka ce mu riƙa faɗa. To zan faɗa. Mu ka fara zuwa wa da maganar nan da kaka. Ni na bi gida-gida na ce kowa ya kwashe rumbunsa ya kai maka. Ko ƙwaya ba mu ɓoye ba. Mutanen Kara suna da fadama, suna da rake. Mu gyaɗar ce kawai."

Alhaji ya juya wajen yayarsa.

"Kada ka dube ni," in ji Hajjo. "A Kara aka yanke maka cibiya, a can iyayenmu suke kwance. Ni ce kuma na tako da ƙafata na faɗa maka, lokacin da kowa ya yi shiru. In motar nan ta wuce Kara da iri, ka san abin da za a ce min a garin. Amma kada ka dube ni."

Aka yi tsawa daga nesa. Zailani ya ɗora buhun ƙarshe, ya ɗaure igiya, ya shiga ya tayar da mota. Ɗigon farko ya sauka a kan gilashi. Ya leƙo da kai ta taga.

"Alhaji, in ruwan nan ya sauko hanya za ta rufe. Ina muka nufa, Kara ko Unguwar Tudu?"